Garkuwa da Malafa: Tarihi da Ma'anar Alamomin Tambarin Limaman Katolika

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin takardar da ta fito daga ofishin wani bishop na ɗariƙar Katolika, ko a Roma ne ko a Kaduna, zai lura da wani zane a samanta: garkuwa mai launuka, bisa kanta akwai malafa mai faɗin baki, igiyoyi sun sauko ta dama da hagu ɗauke da tuntaye, sa'an nan a ƙasa ga wasu 'yan kalmomi, galibi da harshen Latin. Wannan zane shi ne muke kira tambari a cikin wannan takarda. Kalmar limami kuwa muna amfani da ita ne ga duk wanda aka naɗa a aikin Ikilisiya, tun daga ƙaramin limami, wanda ake kira Fada, har zuwa bishop da kadinal da Paparoma.

Maƙasudinmu shi ne mu nuna cewa tambarin limami kashi biyu ne, kuma kowane kashi da irin hanyar karanta shi. Abin da ke kewaye da garkuwa doka da al'adar Ikilisiya ne suka tsara shi, muƙamin mutum kawai yake faɗi. Abin da ke cikin garkuwa kuwa zaɓin mai tambari ne, yana faɗin asalinsa ko aƙidarsa. Bayan wannan za mu nuna cewa tarihin waɗannan alamomi tarihi ne na doguwar kokawa tsakanin limanci da sarauta, domin kuwa Ikilisiya ta shafe fiye da shekara 300 tana cire alamun mulkin duniya daga tambarin limamanta.

2.0 Asalin Tambari a Fagen Yaƙi

Tambari irin wannan ya samo asali ne a wajen tsakiyar ƙarni na 12 a arewa maso yammacin Turai, musamman Faransa da Ingila da yankin kogin Rayin. Barade masu sulke da kwalkwali su ne suka fara zana alamomi na dindindin a kan garkuwoyinsu, don a shaida su a fagen yaƙi da filin gasar mahaya. Daga cikin shaidu mafi daɗewa akwai allon tagulla mai launuka na kabarin Geoffrey, mai mulkin Anjou, wanda ya mutu a 1151. Allon yana birnin Le Mans, yana nuna shi riƙe da shuɗiyar garkuwa mai zanen zakoki na zinariya. Da tafiya ta yi nisa sai alamar ta zama abin gado, ɗa ya karɓa daga ubansa.

Tun da wuri aka kafa ƙa'idar launuka. Akwai ƙarafa biyu, zinariya da azurfa, waɗanda ake nunawa da rawaya da fari, akwai kuma launuka biyar: ja, shuɗi, baƙi, kore da shunayya. Ƙa'idar ita ce kada a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe ko launi a kan launi, don alamar ta fito sarai ga wanda ya hango ta daga nesa. Wannan ƙa'ida ta mayaƙa ita ce har yanzu masu zana tambarin limamai suke bi.

3.0 Yadda Limamai Suka Shigo

Abin tambaya a nan shi ne, me ya haɗa limami da garkuwar yaƙi? Dokar Ikilisiya ta hana shi zubar da jini. Babban taron Lateran na huɗu, wanda aka yi a 1215, ya hana limamai yanke hukuncin kisa ko zartar da shi, ya hana su shugabancin sojan haya, har ma ya hana su aikin tiyata da ya shafi yanka ko ƙuna. To amma ruwa ba ya tsami banza. Ƙofar da tambari ya bi ya shiga coci ita ce hatimi. A wancan zamani takarda ba ta da ƙarfi a gaban shari'a sai an buga mata hatimi a kan kakin zuma, limamai kuwa su ne suka fi kowa rubuta takardun gonaki da na kyauta da na yarjejeniya. Hatimin bishop na farko hoton bishop ɗin ne a tsaye riƙe da sandarsa. A farkon rabin ƙarni na 13 sai bishop-bishop suka fara ƙara garkuwar gidansu a cikin hatimi, ƙananan limamai da gidajen sufaye kuma suka biyo baya. Game da Paparoma, amfani da tambari ya tabbata tun daga Boniface na 8, wanda ya riƙe muƙamin daga 1294 zuwa 1303.

Masanin shari'ar nan na Italiya, Bartolo na Sassoferrato, wanda ya mutu a 1357, ya bayyana cewa kowane mutum yana da ikon ɗaukar wa kansa tambari muddin bai cuci wani ba. A bisa irin wannan fahimta ce ƙaramin limami, ko da ɗan talaka ne, yake iya zaɓar wa kansa tambari. Ba a wajabta masa ba, kuma mafi yawan ƙananan limamai ba su taɓa yin nasu ba. Abin da dokar Ikilisiya ta 1983 ta wajabta shi ne kowace majami'ar yanki ta mallaki hatiminta.

Da limamai suka karɓi garkuwa sai suka yi mata kwaskwarima. Sun ajiye kwalkwali, wanda shi ne ke bisa garkuwar barade, ko da yake a Jamus wasu sun daɗe suna riƙe da shi. A Italiya kuma da yawa sun fi son garkuwa mai siffar ƙwai, don ta yi nisa da kamannin kayan yaƙi.

4.0 Malafa da Tuntaye

Abin da ya maye gurbin kwalkwali shi ne malafar da ake kira galero. Asalinta hular matafiya ce mai faɗin baki don kare rana da ruwa, tana da igiyar ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa, a bakin igiyar kuma akwai tuntu. A taron birnin Liyon na 1245 Paparoma Innocent na 4 ya ba masu muƙamin kadinal jar malafa, kuma fassarar da aka daɗe ana yi wa jan launin ita ce shirinsu na ba da jininsu saboda addini. Daga ƙarni na 14 malafar ta fara bayyana a bisa garkuwa, sannu a hankali sauran limamai suka ɗauka da nasu launukan.

Da farko yawan tuntaye ba shi da iyaka tabbatacciya, mai zane ne ke yin yadda ya ga ya dace. A 1832 aka tsayar da na kadinal, a 1905 kuma Paparoma Pius na 10 ya fitar da dokar da ta tsara na manyan limaman da ba su kai bishop ba. Ga yadda tsarin yake. Ƙaramin limami yana da baƙar malafa da tuntu ɗaya a kowane gefe, baƙin kuwa shi ne launin doguwar rigarsa ta yau da kullum. Limamin da ke cikin majalisar babban coci yana da uku a kowane gefe. Shugaban gidan sufaye yana da baƙar malafa da shida a kowane gefe. Waɗanda ake kira Monsinyo su ma shida-shida ne, sai dai launin shunayya yana shigowa a malafa ko a tuntaye gwargwadon darajar kowa. Bishop yana da koriyar malafa da tuntu 6 a kowane gefe, an jera su ɗaya, biyu, uku. Babban bishop yana da koriya da 10, a sahu huɗu. Kadinal yana da ja da 15, a sahu biyar, wato 30 gaba ɗaya. Saboda haka tambarin bishop na Sakkwato tuntu 12 ne, na babban bishop na Kaduna kuwa 20, domin tun 1959 Kaduna take da matsayin babbar kujera.

Har ila yau akwai gicciyen da ke tsaye a bayan garkuwa. Mai sanda ɗaya a gicciye na bishop ne, mai biyu na babban bishop. Ƙaramin limami ba shi da ikon sa shi ko kaɗan, haka ma kadinal ɗin da ba a naɗa bishop ba. Babban bishop mai shugabancin lardi yakan ƙara faliyum, wato wani farin ƙyalle na ulu mai baƙaƙen gicciye shida da Paparoma ke ba shi, wanda ke tuna makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa. Paparoma kansa yana da mabuɗai biyu, na zinariya da na azurfa, masu nuni ga ikon ɗaurewa da kwancewa da Linjilar Matiyu ta ce an ba Bitrus.

Duk da tsananin wannan tsari, al'adar wuri takan lanƙwasa shi. A harshen Sinanci idan aka ce mutum ya sa koriyar hula, ana nufin matarsa tana cin amanarsa, shi ya sa wasu bishop-bishop na can suke kauce wa koren launi su ɗauki wani.

5.0 Abin da ke Cikin Garkuwa

Idan muka shiga cikin garkuwa sai doka ta ja da baya, zaɓi ya shigo. Muna iya kasa alamomin gida huɗu.

Na farko su ne na gado. Paparoma Leo na 10 da Clement na 7 sun riƙe ƙwallayen gidan Medici, Urban na 8 kuma ya riƙe ƙudan zuma uku na gidan Barberini. Babu wata ma'anar addini a asalin waɗannan, sunan gida kawai suke faɗi.

Na biyu su ne masu wasa da suna. Martin na 5 ɗan gidan Colonna ne, kalmar kuwa tana nufin ginshiƙi, sai ga ginshiƙi a garkuwarsa. Sixtus na 4 ɗan gidan della Rovere ne, sai ga itacen da ake kira rovere. Pius na 12 sunan gidansa Pacelli, wanda ya yi kusa da kalmar zaman lafiya a Italiyanci, sai ga kurciya da reshen zaitun. Paul na 6 kuma sunansa Montini, sai ga 'yan duwatsu a jere.

Na uku su ne na ƙungiya ko na wurin aiki. Mabiya tafarkin Francis na Assisi suna da hannuwa biyu a gicciye da juna, mabiya Dominic suna da baƙi da fari, 'yan Jesuit suna da haruffa uku, IHS, waɗanda suke taƙaita sunan Yesu da Girkanci. Pius na 10 da John na 23 da John Paul na 1 dukansu sun riƙe kujerar Benis kafin su zama Paparoma, dukansu kuma sun bar zaki mai fukafukai na Markus, alamar birnin, a saman garkuwarsu. A Ingila da Amurka bishop yakan raba garkuwa biyu a tsaye, ya sa tambarin kujerarsa a dama, nasa a hagu, kamar yadda ake haɗa na miji da mata, don a nuna an ɗaura masa aure da jama'arsa. Daman da ake nufi a nan ta mai riƙe da garkuwa ce, wato hagun mai kallo.

Na huɗu su ne na aƙida, kuma su ne ƙananan limamai suka fi zaɓa tun da galibinsu ba su gaji tambari ba. Ƙoƙo da gurasa, ko zangarniyar alkama da nonon inabi, suna nuni ga Jibin Ubangiji. Tauraro da furen lili suna nuni ga Maryamu. Ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa tana nuni ga sa zuciya. Kwasakwasa mai tsaga ƙirjinta don ta ciyar da 'ya'yanta da jininta, bisa wani tsohon labari na Turai, tana nuni ga hadayar Almasihu. Ita ce alamar Richard Foxe, bishop na Winchester, kuma har yau tana cikin tambarin kwalejin Corpus Christi da ya kafa a Oxford a 1517. Kalmomin da ke ƙasan garkuwa, wato take, galibi daga Littafi Mai Tsarki ko rubuce-rubucen magabata ake ɗauko su.

A nan ya kamata mu yi gargaɗi. Ana yawan ganin jerin ma'anoni da ke cewa ja jaruntaka ce, shuɗi gaskiya, kore kaza. Marubutan baya ne suka ƙirƙiro waɗannan, bayan tambari ya riga ya kafu, kuma ba su ma yarda da juna ba. Tauraro a garkuwar wani Maryamu ce, a ta wani kuwa gadon kakansa ne. Don haka mai nazari ba shi da hujjar fassara abin da ke cikin garkuwa sai ya san tarihin mai ita ko bayanin da shi kansa ya bayar.

6.0 Kokawa da Alamun Sarauta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da garkuwar gida ta shiga coci, sai alfaharin gida ya bi ta. A Jamus bishop-bishop da yawa sarakuna ne masu ƙasa da haraji da soja. Dokar daular ta 1356 ta tabbatar da manyan bishop na Mainz da Kolon da Trier a cikin mutum bakwai masu zaɓen sarkin sarakuna. Irin waɗannan sukan sa takobi da sandar makiyayi a gicciye bayan garkuwa, su ɗora kambin sarauta a sama. A Roma kuma duk wanda ya shiga cocin Bitrus zai ga ƙudan zuman Barberini a jikin babbar rumfar tagulla da Bernini ya ƙera bisa bagadi, wato sunan gida ɗaya a wuri mafi daraja a cocin.

Matakin farko na gyara ya zo ne a 1644, sa'ad da Innocent na 10 ya hana masu muƙamin kadinal sa kambi da sauran alamun sarautar duniya a tambarinsu. Dalilin a fili yake: idan ɗan sarki da ɗan manomi suka zauna a majalisa ɗaya, bai kamata tambari ya fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Daga nan sai siyasa ta taimaka. A 1803 aka rushe kusan dukan ƙasashen da limamai ke mulka a Jamus, a 1870 kuma Paparoma ya rasa mulkin Roma. A 1915 Benedict na 15 ya faɗaɗa hanin 1644 ya haɗa da bishop-bishop, a 1951 kuma, zamanin Pius na 12, aka soke har alamun sarautar da ke liƙe da wasu tsofaffin kujeru.

Babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya ƙara wa wannan tafiya ƙarfi. Paul na 6 shi ne Paparoma na ƙarshe da aka naɗa wa kambi mai hawa uku, a 1963. A Nuwamban 1964 ya ajiye shi bisa bagadi ya ba da shi saboda matalauta, yanzu yana wani babban coci a Washinton. A 1969 aka fitar da umarnin da ya cire doguwar hular bishop da sandarsa daga tambarin mutum, aka kuma daina miƙa jar malafa a bikin naɗin kadinal. Tun daga nan malafar ta zama abin da aka fi gani a zane kawai. Mutumin da ya fi kowa tasiri wajen sauƙaƙa zanen a wannan zamani shi ne babban bishop Bruno Heim, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 2003, ya zana tambarin Paparoma huɗu daga John na 23 zuwa John Paul na 2.

7.0 Misali: Tambarin Benedict na 16

Don mu gwada hanyar karatun da muka bayar, bari mu ɗauki tambarin Joseph Ratzinger, wanda aka naɗa limami a 1951, ya zama babban bishop na Munik da Freising a 1977, ya zama Paparoma a 2005. A cikin garkuwarsa akwai abu uku.

Na farko kumba ce ta zinariya, wato ɓawon nan na bakin teku mai kama da mafici. Tana tuna labarin Agustin, wanda ya iske wani yaro a gaɓar teku yana ƙoƙarin juye tekun cikin rami da kumba, sai ya gane cewa haka hankalinsa yake a gaban sirrin Allah. Ratzinger kuwa a kan Agustin ya rubuta kundin digirinsa na dokta. Kumbar kuma alamar masu ziyarar ibada ce. Na biyu kan wani baƙin mutum ne sanye da kambi, tsohuwar alamar kujerar Freising tun farkon ƙarni na 14, wadda shi ya fassara da cewa Ikilisiya ta kowace al'umma ce. Na uku dabbar dajin nan ce ta Turai da ake kira beyar, ɗauke da kaya a baya. Labarin shi ne, Corbinian, wanda ya yi wa'azi a Freising a ƙarni na 8, yana kan hanyar Roma sai beyar ta kashe dabbar da ke ɗauke da kayansa, shi kuwa ya aza mata kayan har Roma. Ratzinger ya ɗauki kansa a matsayin wannan dabba, mai dakon kayan Ubangiji.

A wajen garkuwa kuma sai ya yi abin da magabatansa ba su yi ba: ya cire kambi mai hawa uku, ya sa hular bishop ta azurfa mai zane uku na zinariya. Francis ya bi wannan sawu a 2013, Leo na 14 ma ya bi a 2025, ko da yake kambin yana nan a tambarin fadar Paparoma da na ƙasar Batikan. A garkuwar Francis akwai alamar 'yan Jesuit da tauraron Maryamu da furen nardi na Yusufu. A ta Leo akwai furen lili, da zuciya mai kibiya bisa littafi, alamar mabiya Agustin. Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da ya zo da tambarin gado.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa tambarin limamin Katolika ya fito daga fagen yaƙi, ya shiga coci ta hanyar hatimi. Mun ga cewa malafa da tuntaye da gicciye ana karanta su ne da ƙa'ida, garkuwa kuwa sai da sanin tarihin mai ita. Mun kuma bi matakan da aka ɗauka daga 1644 zuwa 2005 wajen raba limami da takobi da kambi. Abin lura shi ne, tambarin ƙaramin limami, baƙar malafa da tuntu biyu, babu abin da aka cire masa a duk wannan gyara, domin tun asali ba ya ɗauke da alamar mulki. Na manya ne aka yi ta ragewa har suka matso kusa da nasa.

Wata tsohuwar al'ada tana nuna cewa Ikilisiya ta daɗe da sanin haɗarin da ke tattare da waɗannan alamomi. Idan kadinal ya mutu, akan rataye jar malafarsa a rufin cocinsa ko bisa kabarinsa, a bar ta nan har ta zagwanye ta zama ƙura, don masu shiga su tuna cewa girman duniya mai ƙarewa ne. Har yau ana ganin irin waɗannan malafu a rataye a manyan coci-coci na Niyok da Shikago da Westminster. Muna fatan masu nazarin tarihi za su juyo da hankalinsu ga tamburan limaman Afirka, su tattara bayanin alamomin daga bakin masu su tun suna raye, domin kamar yadda muka nuna, wannan bayani shi ne hujjar da mai fassara zai dogara a kanta.